Chernobyl: Shirin da Ya Sa Na Ƙaunaci Kimiyyar Nukiliya

Idan aka ce in zaɓi shiri ɗaya tak cikin duk wasannin talabijin da na taɓa kallo, na Turawa da na Indiya da na Turkiyya da namu na gida, ba zan ɓata lokaci wajen tunani ba. Chernobyl ne. Kashi biyar ne kacal, kowanne kimanin awa guda, tashar HBO ta Amurka da Sky ta Ingila suka haɗa hannu suka fito da shi a watan Mayun 2019, amma wallahi har yau ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba. Mutanen da ke cikinsa injiniyoyi ne, da 'yan kwana-kwana, da masu haƙar kwal, da manyan gwamnati masu tsoron gaskiya. Mugun cikin labarin kuwa guba ce da ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙar warinta. Da waɗannan kaɗai marubucin shirin, Craig Mazin, da darakta Johan Renck suka hana miliyoyin mutane barci, suka kuma koya musu yadda tashar nukiliya ke aiki ba tare da sun ankara cewa karatu ake ba su ba.

Labarin na gaske ne. A daren 26 ga Afrilun 1986, da ƙarfe 1:23, tukunya ta huɗu ta tashar lantarki ta nukiliya da ke Chernobyl ta tarwatse. Wurin yana ƙasar Yukiren, a lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet. Wani darakta da ya samu irin wannan labari, sai ya ja mu da zarya har kashi na ƙarshe kafin ya nuna fashewar da wuta da hayaƙi da ihu. Su kuwa a mintunan farko suka nuna ta, daga nesa, ta tagar ɗakin wata mata mai juna biyu a garin Pripyat. Haske ya tashi can a sararin sama shiru, sai bayan wasu daƙiƙu ƙarar ta iso ta girgiza gidan. Tun a nan na san ina hannun ƙwararru, domin haka abin yake a zahiri: haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba. Tun daga farko kimiyya ce ke jan akalar labarin.

Kashi na farkon nan, kai jama'a! 'Yan kwana-kwana sun iso suna zaton gobarar rufi ce kawai. Ɗaya ya ce yana jin ɗanɗanon ƙarfe a bakinsa. Wani ya sunkuya ya ɗauki wani baƙin dutse da ya gani a ƙasa, ya jujjuya shi ya yar, ba a jima ba hannun ya kwaile. Dutsen nan girafait ne, irin baƙin abin da ke cikin fensir, kuma wuri ɗaya kawai ake samunsa a tashar, wato can cikin cikin tukunyar. Ganinsa a waje yana nufin tukunyar ta fashe, cikinta yana buɗe ga sararin Allah. A ɗakin sarrafa injina kuwa, mataimakin babban injiniya Anatoly Dyatlov ya kafe kai da fata cewa irin wannan tukunya ba ta fashewa, saboda haka duk wanda ya ce ya ga girafait idonsa ne ya yaudare shi. Paul Ritter ne ya fito a matsayinsa, kuma ya iya wasan har sai da na ji kamar in kutsa cikin talabijin in girgiza shi.

Sai kuma batun 3.6, lambar da duk wanda ya kalli shirin ba ya mantawa. An auna ƙarfin gubar nukiliya da ke wurin, na'ura ta nuna rontijin 3.6 a awa, aka kai wa manya rahoto cewa abin bai yi muni ba. Alhali 3.6 ɗin nan ita ce iyakar abin da ƙaramar na'urar za ta iya nunawa. Allurarta ta kai ƙarshe ne ta tsaya. Da wani janar ya ɗaura babbar na'ura a gaban mota ya tuƙa da kansa zuwa kusa da ginin, shirin ya nuna ya dawo da 15,000. Rontijin 500 a cikin 'yan sa'o'i ya isa ya kashe mutum. Ban taɓa ganin an bayyana muhimmancin sanin iyakar ma'auni da kyau irin wannan ba, ko a aji ko a littafi. Mutanen Pripyat kusan 49,000 sun yini sun kwana cikin wannan guba, yara suna zuwa makaranta, sai bayan kimanin awa 36 aka kawo motocin safa fiye da dubu aka kwashe su, aka ce su ɗauki kayan kwana uku. Ba su sake komawa zama ba. Duniya kuma ba daga bakin Mosko ta fara ji ba. Ranar 28 ga Afrilu na'urorin tashar nukiliya ta Forsmark a ƙasar Suwidin, mai nisan fiye da kilomita dubu, suka yi ƙara a jikin ma'aikata, aka bi sawun iska aka gano daga ina burbushin ya taso.

Zuciyar shirin mutum biyu ne, kuma a kansu nake so in ɗan daɗe. Valery Legasov masanin kimiyyar sinadarai ne, mataimakin shugaban cibiyar Kurchatov ta binciken nukiliya. Boris Shcherbina kuwa babban jami'in gwamnati ne, mataimakin shugaban majalisar ministoci, mutumin da ya saba ba da umarni a bi. Jared Harris da Stellan Skarsgård suka fito a madadinsu. Da farko kamar wuta da auduga suke. A cikin jirgi mai saukar ungulu Shcherbina ya umarci Legasov ya bayyana masa yadda tukunyar nukiliya ke aiki, cikin barazana, shi kuma ya yi masa bayani a gajarce jikinsa na rawa. Suna sauka, shugabannin tashar suka fara kawo ƙarya, sai ga Shcherbina ya jefa musu tambaya a kan girafait da ilimin da ya samu mintuna kaɗan da suka wuce. Tsigar jikina ta tashi a wurin nan. Ga mutum ya koyi abu yanzu-yanzu, ya yi amfani da shi ya kama maƙaryaci. Mu ma masu kallo tare da shi muka koya, shi ya sa muka ji kamar mu ne muka yi tambayar.

Daga nan abota ta ƙullu a tsakaninsu a hankali, ba tare da wani ya furta ta ba. Lokacin da Legasov ya gaya masa cewa zamansu a wurin zai rage musu kwana, ku dubi fuskar Skarsgård. Bai ce komai ba, ya zauna kawai, amma za ka ga dattijo yana lissafin abin da ya rage masa a duniya. Ba banza aka ba shi kyautar Golden Globe a kan wannan wasa ba. Shcherbina na gaske ya rasu a 1990. Legasov kuwa ya kashe kansa a watan Afrilun 1988, bayan ya naɗi bayanansa a kaset-kaset, kuma da wannan ne shirin ya buɗe.

Talakawan cikin labarin su suka fi sa ni hawaye. Mutum uku, Ananenko da Bezpalov da Baranov, suka shiga ƙarƙashin ginin cikin duhu da gurɓataccen ruwa don su buɗe famfunan da za su zuƙe tankunan ruwan da ke ƙarƙashin tukunyar, tocilansu na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, na'urar awo tana ƙara tana ƙaruwa har allo ya yi baƙi. Masu haƙar kwal daga Tula suka zo suka haƙa rami a ƙarƙashin tukunyar da hannu, cikin zafin da ba ya misaltuwa. Lyudmilla Ignatenko ta bi mijinta Vasily ɗan kwana-kwana har asibiti mai lamba shida a Mosko, ta gan shi ya ɗan farfaɗo yana wasan karta, sannan jikinsa ya soma narkewa. A nan ma darasi ne: gubar tana lalata ɓargo da ƙwayoyin halittar jiki, shi ya sa majiyyaci ke samun 'yan kwanakin sauƙi na yaudara kafin ciwon ya dawo da ƙarfinsa. An binne Vasily da abokan aikinsa cikin akwatunan ƙarfe, aka zuba kankare a kai.

Amma rufin nan! A kashi na huɗu, ana bukatar a share tarkacen girafait daga saman gini a mayar cikin ramin tukunyar da ta fashe. Aka kawo mutum-mutumi daga Jamus ta Yamma, gubar ta kashe shi nan take, domin an ɓoye wa Jamusawan ainihin ƙarfinta. Sai aka koma ga 'yan Adam. Kowane soja daƙiƙa 90 aka ba shi, ya fito da gudu da shebur, ya kwasa ya zuba, ƙararrawa ta kaɗa ya koma. Kyamara ta bi mutum ɗaya tun fitarsa har komawarsa ba tare da an yanke ba, kana jin numfashinsa a cikin abin rufe fuska, ga shi ya yi tuntuɓe, ga takalminsa ya yage. Fiye da mutum 3,000 suka yi wannan aiki. Minti ɗaya da rabi, amma ban san na riƙe numfashina ba sai da aka gama.

Duk wannan share fage ne ga kashi na biyar, wanda a wurina shi ne darasin kimiyya mafi daɗi da aka taɓa sawa a talabijin. A gaban kotu Legasov ya tsaya da wasu allunan roba ja da shuɗi, yana jera su a kan katako. Ja na abin da ke ƙara wutar tukunya, shuɗi na abin da ke rage ta. Ya fara daga tushe: ƙwayar zarra ta yuraniyom idan niyutiron ya buge ta sai ta rabe, ta saki zafi da wasu niyutiron, su ma su bugi wasu ƙwayoyin. Zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin, injin ya ba da lantarki. Girafait yana rage gudun niyutiron don su fi samun abin bugu, saboda haka yana ƙara wuta. Sandunan boron guda 211 suna shanye niyutiron, da su ake rage wuta. Ruwa ma yana shanye wasu, to amma a irin wannan tukunya mai suna RBMK, idan ruwan ya zama tururi sai wutar ta ƙaru, ƙaruwarta ta ƙara tururi, tururin ya sake ƙara wuta. Akwai kuma iskar zenon da tukunya ke haifarwa da kanta, wadda ke danne wutar idan ta taru.

Da ya gama jera alluna sai ya fara cire su ɗaya-ɗaya, shirin yana mayar da mu daren da abin ya faru. Gwaji aka so yi, a ga ko juyin da injin ke yi bayan an katse masa tururi zai iya riƙe famfunan ruwa na kimanin minti guda kafin janaretocin dizal su kama. An shirya yin sa da rana, sai masu rarraba lantarki a Kiyef suka ce a jinkirta, aka bar tukunyar a rabin ƙarfinta na kusan awa goma. Aikin ya faɗo hannun ma'aikatan dare da ba su shirya masa ba, cikinsu har da Leonid Toptunov, ɗan shekara 25, wanda bai daɗe da hawa kujerar ba. Tukunyar da cikakken ƙarfinta megawat 3,200 ne, aka so a sauke ta zuwa 700, sai ta zube har 30, zenon ya shaƙe ta. Maimakon a haƙura a kashe, aka zare kusan dukkan sandunan boron don a tilasta mata tashi, da ƙyar ta kai 200. A haka aka fara gwajin. Ruwa ya ragu, tururi ya ƙaru, wuta ta fara hawa. Kana kallon katakon nan, shuɗayen alluna sun ƙare, jajaye kaɗai suka rage.

Sai aka danna AZ-5, madannin da aka yi domin ya mayar da dukkan sanduna ciki ya kashe tukunya nan take. A nan asirin yake. Ƙasan sandunan an yi shi ne da girafait, saboda haka da suka fara shiga, kafin boron ya iso, girafait ɗin ya ture ruwan da ke ƙasa ya ƙara wutar. Kamar direba ne ya ga rami ya taka birki da iya ƙarfinsa, ashe an ƙera motar yadda birkin sai ya fara danna totur kafin ya kama. Cikin daƙiƙu kaɗan murfin tukunyar mai nauyin fiye da tan dubu ya yi sama. Kuma an san da wannan aibi tun kafin ranar, an lura da shi a tashar Ignalina a 1983, amma ba a sanar da masu aiki da injinan yadda ya kamata ba. Allah Sarki! Ina zaune ina ganin fashewar da na riga na gani tun kashi na farko, amma a wannan karon na san dalilin kowace daƙiƙa. Daɗin fahimtar da baƙin cikin abin suka haɗu mini wuri ɗaya. Wane shiri ne ya taɓa yi wa mai kallo haka?

Sautin shirin ma abin a yaba ne. Hildur Guðnadóttir, 'yar ƙasar Iceland, ta je tashar Ignalina ɗin nan da ke Lituweniya, wadda aka riga aka rufe kuma a can aka ɗauki wani ɓangare na shirin, ta naɗo ƙarar ƙofofi da famfuna da manyan ɗakuna, da su ta haɗa kiɗan. Shi ya sa ba ka iya rabe kiɗa da kukan ginin. Ta samu Emmy da Grammy a kansa, shirin kuma gaba ɗaya ya kwashi Emmy goma.

Na sha muhawara da masu kallo a kan Chernobyl, kuma ra'ayoyin sun bambanta. Lokacin da ya fito, masu ba da maki a shafin IMDb sun ɗaga shi har ya zama na ɗaya cikin dukkan shirye-shiryen talabijin. Duk da haka akwai masu cewa ya cika duhu da nauyi, ba wanda zai dawo daga wahalar kasuwa ya zauna yana kallon mutane suna mutuwa. Na fahimce su, sai dai ni abin da na fita da shi daga ciki jarumtar mutane ce, ta waɗanda suka san haɗarin suka shiga don wasu su rayu. Wasu kuma suna ƙorafin cewa 'yan wasan Turancin Ingila suke yi alhali labarin na Sobiyet ne. Ni wannan ya fi mini, domin da sun tsaya kwaikwayon karin harshen Rashawa da hankalinmu ya koma kan bakinsu.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu bin diddigin tarihi, kuma suna da hujja. Ulana Khomyuk, masaniyar da Emily Watson ta fito a matsayinta, ba a taɓa yin ta ba, an ƙirƙire ta ne ta wakilci ɗimbin masanan da suka yi aiki tare da Legasov. Shi kansa Legasov bai halarci shari'ar 1987 ba, inda aka yanke wa Dyatlov shekara goma. Babban jawabinsa a Vienna ya yi shi, a watan Agustan 1986, gaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Wani jirgi mai saukar ungulu da shirin ya nuna ya faɗo a kwanakin farko, a watan Oktoba ya faɗi. Likitoci ma sun ce wanda gubar ta kama, bayan an tuɓe masa kaya an wanke shi, ba ya zama haɗari ga masu jinyarsa yadda shirin ya nuna. Duk na yarda. Abin da ya ƙara mini son masu shirin shi ne ba su ɓoye ba: a rubutun ƙarshe sun faɗi gaskiyar Khomyuk, sun kuma faɗi cewa mutum ukun nan da suka shiga ruwa sun rayu, sannan Mazin ya yi hira ta musamman a kan kowane kashi yana bayyana inda ya sauya da dalilinsa. Kuma wannan muhawara kanta riba ce. Mutanen da ba su taɓa tunanin nukiliya ba sun koma suna neman littafin Svetlana Alexievich, wadda ta tattara bayanan waɗanda abin ya shafa, suna gardama a kan sinadarin aidin da sankarar maƙogwaro da dalilin da ya sa adadin mamata na hukuma ya tsaya a 31.

Kada wani ya ce wannan ilimi bai shafe mu ba. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta jihar Agadas, 'yan uwanmu da yawa a can suka yi rayuwarsu ta aiki. A Zariya kuma, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004, mai ƙarfin kimanin kilowat 30 kacal. Ina kallon Chernobyl ina tuna Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ga guba da ba a gani, ga iyaye mata da ba su san me ke cin 'ya'yansu ba, ga likitocin da suka bi sawu har suka gano, ga aikin kankare ƙasar gidaje a Bagega. Masu shirya mana Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina sun nuna sun iya riƙe mai kallo mako bayan mako. Ina roƙon Allah Ya nuna mini ranar da ɗayansu zai zauna da likita da masanin ma'adinai ya rubuta mana wannan labari da Hausa, a bayyana yadda ƙurar ke shiga jinin yaro dalla-dalla kamar yadda Legasov ya jera allunansa.

Ga wanda zai nema, shawara biyu. Ba shirin kallo da ƙananan yara ba ne: akwai raunuka masu tayar da hankali a kashi na uku, akwai wurin da masu haƙar kwal suka tuɓe saboda zafi, akwai kuma harbin karnuka da sauran dabbobin da aka bari a kashi na huɗu, wanda ya fi ƙarfin zuciyar mutane da yawa. Sannan a kalle shi a jere daga na ɗaya, da dare, a ajiye waya. Malaman kimiyya na sakandare kuwa, don Allah ku nemi kashi na biyar, ku yanko wurin bayanin kotun nan ku nuna wa ɗalibanku na ajin ƙarshe, ku yanka kwali ja da shuɗi ku ba su su jera da hannunsu.